Jika 15 da tsakar gida mai rairayi: yadda wani gida a Maraɗi ya zaɓi abin dasawa

Gidan yana cikin sababbin unguwannin gabashin Maraɗi, can inda gari ke ta cinye gonakin hatsi. Fili ne mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20. Ɗakunan kwana da madafa da makewayi da turken awaki sun kwashe kaso mafi tsoka, abin da ya rage na tsakar gida bai cika murabba'in mita 100 ba. Gidan ƙanwata ne, malamar makarantar firamare, ita da maigidanta wanda tela ne a Babbar Kasuwa, da ƴaƴansu huɗu da mahaifiyarsa. Sun tare a farkon 2023, gida fayau, babu ko inuwar da kaza za ta fake. Da ta kwashi adashi a watan Yuni sai ta ware jika 15, wato sefa 15,000, ta ce na itatuwa ne, ko dala ba za ta ƙara a kai ba. Ni aka kira in raka ta saye, don na daɗe ina riƙe da garkar mahaifinmu a bakin gulbi.

Ta zo da takarda a rubuce. Mangwaro biyu, lemun zaƙi, ayaba, gwaba, sai guda biyu na itacen nan mai rassa hawa-hawa da ake jerawa a ƙofar ofisoshi da gidajen alhazai, sai furannin kallo. Maigidan buƙatarsa ɗaya ce: dogon yaro a tsakiyar gida, ya samu inda zai shimfiɗa tabarma ranar da ba ya fita kasuwa. Tsohuwa kuma ta ce a dai rage mata inda za ta sa yakuwa da kuɓewa, irinta na nan ƙulle a tsumma. Da aka tara farashin da ƙanwar tawa ta jiyo a gari, takardar ta lashe kusan jika 13, ba taki, ba shinge. Tsadar ma ba ita ta fi damuna ba. Wannan takarda ta fadama ce, su kuwa a jigawa suka yi gini.

Tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar gulbi yake. Sai da ambaliyar 1945 ta rusa shi aka hauro tudu, kuma tun daga nan duk inda gari ya ƙara faɗi cikin rairayi yake shiga. Amma idonmu da garaken gulbi ya saba, na Tarna da Jiratawa da Madarumfa da Tsibiri, inda ƙasa ke da laka kuma ruwan rijiya ke kusa. Mutum ya tashi yana ganin mangwaro da lemu da ayaba sun haɗa duhu a can, sai ya ɗauka haka za su yi masa a gida. A tudu ruwan ƙasa yana nesa ƙwarai, rairayin kuma ba ya riƙe danshi. Na zuba bokiti guda a inda take son mangwaron farko, kafin mu gama gaisawa da tsohuwa ya shanye. Da muka haƙa kamu biyu sai ga ɓaraguzan siminti da guntayen bulo da magina suka binne.

Lissafin ruwa

Na ce ta juya bayan takardar mu yi lissafin da ba a yi a gaban mai sayarwa. Ruwan sama a nan daga Yuni ne zuwa Satumba, galibi tsakanin milimita 400 da 600 a shekara, ya fi ƙarfi cikin Agusta. Daga Oktoba har ƙarshen Mayu, wata takwas cur, duk abin da ke raye a tsakar gida daga hannunka yake sha. Ƙaramin mangwaro a cikin rairayi, a awon da muke yi a garka, yana son bokitin lita 10 duk kwana biyu a watanni biyar na farko, sannan kullum a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Bokiti 75 ke nan da bokiti 90, jimilla lita 1,650, wato bido 66 na lita 25. Suna da pampo, amma unguwar a ƙarshen layi take. Da bazara sai tsakar dare yake ɗigowa, wata rana ma shiru, sai a koma ga ƴan garuwa, su kuwa a layinsu dala goma suke ba da bido idan zafi ya kai zafi. Idan duk ruwan saye za a yi, mangwaron jika biyu zai sha ruwan jika uku da ɗoriya kafin ya ga daminarsa ta biyu. Ayaba ta ninka haka, ga iskar hunturu da ke yayyage mata ganye.

Ta yi shiru tana kallon lambobin, sannan ta ce, "Yaya, ke nan talaka ba ya dasa icce?"

Yana dasawa, daidai ruwa daidai tsaki. Muka koma ƙirga ruwan da gidan ke zubarwa kullum ba tare da an sayo shi don shuka ba. Alwalar mutanen gidan sau biyar a yini tana tara bokiti biyu zuwa uku. Akwai ruwan wankin shinkafa da na ganye da na ɗauraye kwanuka. Ƙasarin gero tsohuwa ta ce kada a taɓa mata, na awaki ne, kuma gaskiyarta. Ruwan wanki mai omo na cire shi daga lissafi, don idan ya daɗe yana sauka a gindi guda yakan bar farin gishiri a ƙasa, ganye ya fara ƙonewa daga baki. Abin da ya fito shi ne gidan zai iya ɗaukar itatuwa uku masu neman ban ruwa, ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Nan take ayaba da lemun zaƙi da mangwaro na biyu suka fita. Itatuwan ado su ma suka bi su, ba don ba su da kyau ba, sai don suna shan abin da lemun tsami zai sha, ba su kuma ba ka komai a miya.

Dogon yaro ya ɗan ja gardama. Maigidan ya ce shi ba ya neman ruwa, ba ya neman kuɗi, kuma duk Maraɗi inuwarsa ake sha. Duka gaskiya ne. Sai dai a tsakar gida irin wannan, cikin ƴan shekaru zai rufe rana, saiwarsa ta bi danshi har ramin makewayi da gindin katanga, kuma babu abin miya da zai yi kirki a ƙarƙashinsa. Aka daidaita a kan a sa shi a waje, mita huɗu daga katangar ƙofar gida. Ba a saye shi ba. Da damina duk gindin tsohon dogon yaro cike yake da ƴaƴan da suka tsiro da kansu. Yaron gidan ya ciro ɗaya da ƙasarsa daga bakin masallacin unguwa.

Abin da ke cikin filin tun kafin gini

A kusurwar kudu akwai wani kututture da maginan suka sassare suka gaji. Duk wata sai ya sake fitar da rassa masu ƙaya, yara na takawa, har maigidan ya yi ciniki da wani yaro ya tone shi a kan dala ɗari. Magarya ce, ta tun lokacin da wurin yake gona. Na ce ko kyauta kada a tone ta. Kututturen da ya shekara da shekaru a jigawa saiwarsa ta riga ta kai inda bokitinka ba zai taɓa kaiwa ba, kuma babu mai reno da zai iya sayar maka da wannan a cikin leda. Manoman jihar nan ba baƙi ba ne ga wannan tunani. A nan yankin Maraɗi ne, wajen 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya soma jan hankalin manoma su daina ƙone kututturan gona, su zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi su rene su, abin da ake kira sassaben zamani, wanda ya mayar da itatuwa gonaki masu yawa ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Mutanen birni ne ke mantawa da shi da zarar gona ta zama filin gini.

Magarya kuma tana da wata riba. Ana iya yi mata aure, wato a haɗa reshen wani iri a jikinta, da irin nan na Indiya mai manyan ƴaƴa, wanda ake sayarwa da sunan tuffar Sahel, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aikin yaɗa shi a Nijar. Yana ba da ƴaƴa a lokacin sanyi, da bazara kuma ya zubar da ganye ya huta, wato a daidai lokacin da ruwa ya fi wuya shi ba ya tambayarka. Sai muka rubuta kuɗin mai aure a madadin kuɗin mai tono.

Daga nan muka bi sauran buƙatun gidan muna tambaya ɗaya: wannan dole sai an saya? Zogale a leda asarar kuɗi ne. Ƙwayarsa tana tsira cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma wanda aka shuka kai tsaye ya fi wanda aka dasa zurfin saiwa. Wani abokin aikinta ɗan Jiratawa, inda ake noman zogale na sayarwa har Yamai da Najeriya, ya kawo mata ƙaramin gwangwani a kan dala hamsin. Gwanda, a sayi nunanniya mai zaƙi a sha, a wanke ƙwayar a shanya a inuwa. Lalle, na'ana'a, doddoya da ciyawar shayi duk ana samun reshe ko tsage a gidan maƙwabta, kuma babu matar da za ta hana ƴar'uwarta reshen lalle. Kuka ma aka sa ƙwaya kaɗan a jere, ba don ta girma ba, don a riƙa tsinke kanta ana cin ɗanyen ganye. Abin da ya rage na saye na gaske uku ne: mangwaro mai aure, lemun tsami, gwaba.

A wurin masu reno

Mun fara da masu jera ledoji a bakin titi cikin gari. Nan ta ga wani mangwaro da ya kai mata kafaɗa, har da fure a kansa, aka ce jika uku da rabi. Ta riƙe shi ba ta son saki. Na ɗaga ledar na juya gindinta. Saiwa mai kaurin yatsa ta huda leda ta shiga ƙasa, an datse ta da wuƙa, yankan ko bushewa bai yi ba. Da na matsa gefen ledar sai na ji ta tauri kamar dunƙulen igiya, saiwoyi sun naɗe juna sun cinye ƙasar. Irin wannan ya daɗe a leda fiye da kima. Ganyen da yake ɗauke da shi ya fi ƙarfin saiwar da ta rage masa, furen kuma na wahala ne. Yakan yi sati biyu yana kyau a gida, sannan ya fara zubar da ganye, in ma ya rayu sai ya tsaya shekara bai ƙara kamu ɗaya ba.

Muka gangara wajen gulbi, wurin wani dattijo da ke reno a gefen garkarsa. Nasa gajeru ne, ba su wuce gwiwa zuwa cinya ba, ba su da kwarjinin na bakin titi. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mangwaro nake so wanda ba zai ba ni kunya ba, kuɗina kuma kaɗan ne."

Ya ce, "Ɗiyata, gidanki a tudu yake ko a gangare?"

Da ta faɗi unguwar sai ya wuce layin farko ya ɗauko ɗaya daga baya. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan karan, kamu guda daga ƙasa, inda wani ɗan kumburi yake, ɓawon ƙasa ruwan toka, na sama kore-kore. Ya ce nan ne auren, ya warke, babu tsaga babu danƙo. Ya ce ta kiyayi wanda aka naɗe da leda ba a bari a ga tabon ba, don akwai masu datse kan na ƙwallo su ɗaure su ce mai aure ne. Ya kankare wani ɗan tsiro da ya fito ƙasa da tabon da farcensa, ya ce duk wanda ya sake fitowa a nan ta cire shi, in ba haka ba uwar za ta kashe amaryar ta koma mangwaron gida mai zare. Ganyen saman ya yi kore mai duhu, ya ƙosa. Ya ce kada a ɗauki mai sabon jan toho, rana za ta dafa shi a hanya. Irin Kent ne, mai nuna a baya-baya, ba kamar Amélie da ke riga shi fitowa ba. Jika biyu, bai rage ba, ita ma ba ta matsa ba.

A nan ne kawai na ga ya dace a biya kuɗin aure. Mangwaron ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ya haihu, kuma ba ka da tabbacin abin da zai ba ka. Mai aure yakan fara a shekara ta uku ko ta huɗu, ka kuma san irinsa. Wanda zai yi shekaru yana ɗaukar bokiti bai kamata ya yi caca a kan bambancin jika ɗaya da rabi da ke tsakanin mai aure da na ƙwallo ba. Lemun tsami kuwa na ƙwaya ba ya cika sauya hali daga uwarsa, yana da juriya, sai dai ƙaya da ɗan jinkiri. Muka ɗauki na ƙwaya a dala ɗari, gwaba ma haka. Wajen zaɓensu abin da muka duba bai wuce uku ba: kara mai kauri maimakon mai tsawo, bayan ganye babu farin ƙwaro ko baƙin toka, ƙasar leda kuma ba ta rabu da jikin ledar ba. Dattijon ya yarda zai zo ya yi wa magaryar aure a kan jika guda, reshen daga nasa.

Ga yadda kuɗin ya tafi. Mangwaro 2,000, lemun tsami 500, gwaba 500, auren magarya 1,000, irin zogale 250: abin shuka duka 4,250, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Amalanken ruɓaɓɓen taki 2,500. Tsohuwar ragar waya daga masu kayan gwangwan 5,000. Tulu uku na ƙasa 1,500. Ɗauko kaya 500. Jimilla 13,750. Ragowar 1,250 ta ajiye, a watan Nuwamba ta sayi dashen tumatir da salati da shi.

Ragar ce ta fi ci mata rai, jika biyar a kan tsohuwar waya mai tsatsa, fiye da kuɗin itatuwan gaba ɗaya. Amma gidan yana da jajayen awaki biyu, irin na Maraɗi da ake yabon fatarsu har Turai, kuma akuya ba ta san an yi ciniki ba. Minti biyar ya ishe ta ta mayar da mangwaron jika biyu sanda. Aka yanka ragar aka zagaye itatuwan uku, sauran aka ja a gaban layin zogale, aka cike giɓi da ƙayar da aka saro daga magaryar. Sun kuma yi sa'ar lokaci, don bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 iyaka da Najeriya ta rufe har Maris na 2024, kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa suka yi tsada.

Dashe

An dasa a makon farko na Yuli, bayan ruwa ya zauna. Mutane da yawa suna jiran 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, su ma su dasa nasu. Ranar tana da kyau wajen tunatarwa, amma ga mai tsakar gida ta yi latti: abin da ya rage na damina daga nan bai wuce mako shida zuwa takwas ba, alhali wanda ya dasa a farkon Yuli ya ci kusan wata uku na ruwan da ba a biya. Kowane rami an yi shi santimita 60 a faɗi da zurfi, aka tsince ɓaraguzai, aka cuɗa ƙasar sama da taki aka mayar. Takin turken gidan ba a yi amfani da shi ba a lokacin, don ɗanye ne, yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. An yanke ledar da reza maimakon a zare ta, aka bar tabon auren a sama da ƙasa. A gefen kowane itace, tazarar kamu biyu, aka binne tulu har wuya aka rufe bakinsa da murfin tsohuwar tukunya. Tulun ƙasa yana tsattsafar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta sha, rairayi bai kwashe ba. Aka ajiye dutse da buta a gindin lemun tsamin, wurin alwala ya koma can.

Dattijon ya zo bayan mako biyu. Daga cikin rassan magaryar ya zaɓi uku masu kaurin fensir, ya sare sauran. Kowanne ya datse shi a tsawon kamu biyu, ya tsaga kan da wuƙa mai kaifi, ya fere gindin ɗan reshen da ya zo da shi a jiƙaƙƙen tsumma ta gefe biyu, ya cusa a tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Ya naɗe da zaren leda tam, ya kifa ƴar ledar ƙanƙara a kai. Aikin bai kai rabin awa ba. Ya ce wa tsohuwa, "Hajiya, ki sa ido kada jikokinki su buɗe su gani." Kafin mako uku biyu sun yi toho a cikin ledar, na ukun ya bushe.

Rani, bazara da daminar 2024

Zogale ne ya fara biya. Gindi ashirin aka shuka a jikin katangar yamma, wata biyu da rabi aka fara tsinka. Da suka kai ƙugu aka datse kansu don su yi rassa su tsaya inda hannu zai kai. Gidan da ke sayen zogalen dala ashirin sau da yawa a mako ya daina saye har ƙarshen kaka, ta kuma shanya na ajiya a inuwa. Da rani rabin layin kawai aka riƙa ba ruwan wankin shinkafa, sauran aka bar su suka zubar da ganye, da ruwa ya sauka suka farfaɗo. Magaryar ta yi ƴan ƴaƴa tun sanyin farko, ba su cika kwano ba, amma sun isa su sa maigidan ya daina maganar tono.

Wahalar ta zo inda aka zata. Wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke tun Agustan 2023, pampon unguwar ya ƙara rauni, sannan ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024 aka yi zafin da ya haɗu da azumi. A makonnin nan sun sayi ruwan sha da na girki, amma ba su sayi bido ko ɗaya don itace ba. Alwala da tuluna suka riƙe ukun. Da takardar farko aka bi, da itatuwa bakwai ne ke jiran bokiti a wannan lokaci. Na'ana'a ta ƙone ƙurmus, aka sake karɓo wata da damina. A Janairu gara ta hau mangwaron, saboda karan da aka shimfiɗa don riƙe danshi ya taɓa jikinsa. Aka janye karan kamu guda, aka kankare ƙasar da garar ta gina, aka zuba toka da dakakken ƙwallon dogon yaro. Gwaba kuwa akuya ta same ta a Fabrairu, ranar da wani yaro ya ɗage ragar ya ɗauko ƙwallo bai mayar ba. Ta cinye ta har ƙasa. Da yake ta ƙwaya ce, ba ta da auren da za a rasa, sai ta sake fitowa daga gindi da rassa uku. Da mangwaron ne, da jika biyu sun tafi.

Gwanda ce ta ba da daɗi ta kuma ba da haushi. An shuka ta rami uku a bakin rariya, kowane rami ƙwaya da yawa, aka rage zuwa uku-uku, don ba a gane namiji da mace sai sun yi fure. Da suka nuna kansu aka bar mata biyu da namiji ɗaya. Kafin shekara ta zagayo an fara sha. Sai daminar 2024 ta zo da ruwan da ya yi ɓarna a jihar Maraɗi fiye da yadda aka saba gani, bakin rariya kuma shi ne mafi gangare a gidan. Ruwa ya kwana biyu a gindinsu, saiwa ta ruɓe, duka ukun suka kife da ƴaƴa a jikinsu. Danshin da ya raya su da rani shi ya kashe su da damina. Asarar ba ta kuɗi ba ce, ta wata goma sha huɗu ce. An sake shuka wasu a kan tudun ƙasa da aka tara kamu biyu, rariyar na wucewa ta gefe.

Zuwa ƙarshen ranin 2025, ga inda aka tsaya. Magarya ta ba da ƴaƴa sosai a sanyi na biyu, har ana aika wa maƙwabta, ko da yake tsuntsaye da tsutsa sun ci rabonsu, kuma dole a sassare ta duk Mayu don a sabon reshe take haihuwa. Gwaba ta fara ɗaurawa. Lemun tsami ya wuce tsayin mutum, bai yi fure ba tukuna. Dogon yaron ƙofar gida ya fara inuwar mutum biyu. Mangwaro ya yi fure a sanyin da ya wuce, na sa ta tsinke, don karansa bai kai ɗaukar kaya ba. Ta tsinke tana mita.

Shi mangwaron har yanzu ina da ja a kansa. Da ni ne mai gidan, da lemun tsami na biyu na sa a wurin, don Kent babban itace ne, a garka mita takwas zuwa goma muke ba shi, nan kuwa mita uku da rabi ne tsakaninsa da katanga. Zai zauna ne kawai idan an riƙa rage masa kai duk shekara bayan an cire ƴaƴa, kuma mutane ba sa son sa wa mangwaro adda. Ita ta ce gidan da babu mangwaro ba ta ga abin da za ta nuna wa jikoki ba, kuma kuɗinta ne.

Yanzu da saiwar ukun ta yi nisa, ban ruwansu ya koma sau biyu a mako mai yawa maimakon kaɗan kullum, sai aka samu rarar da za ta ɗauki itace guda. An haƙa ramin a gefen madafa, an zuba masa takin turke da ya shekara yana ruɓa. Ita rumman take so, don yana jure ƙishi kuma ba ya cin wuri. Maigidan ya ce lemun tsami, don ya ga yadda ake sayar da shi ƙwaya-ƙwaya da azumi. Dattijon gulbi ya ce yana da duka biyun a dala ɗari da hamsin kowanne, su zo bayan ruwa na uku.